Wa zai iya yi wa Corvette ƙirar 1976 fenti a Kumasi ba tare da ya kashe jikinta ba?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin jikin mota na faiba, wato zaren gilashi da aka haɗa da wani irin gam da ake kira resin.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe a Bronx yana tuƙin tasi. Da ya tashi dawowa gida sai ya sako wata Chevrolet Corvette ƙirar 1976 a kwantena, aka sauke ta a Tema, aka hauro da ita Kumasi. Ranar sallah kaɗai yake fito da ita, yara na bin ta da gudu daga Aboabo har Asawase. Daga baya ciwon gwiwa ya hana shi, don motar a ƙasa take ƙwarai, shiga da wuya, fita ta fi wuya. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suka ce za su kai ta Akwatia Line, wurin masu sayen tsohon ƙarfe, a auna. Na ce musu ko sun kai ba za su samu abin kirki ba tunda jikin ba ƙarfe ba ne, su yanka mini kuɗi in biya a hankali. Haka ta zama tawa.

Inji ba shi da matsala. V8 ne, 350 ɗin nan mai lita 5.7. Fitana, wato makanikena, ya wanke kafireta, ya canja tiyoyin mai da suka bushe, ta tashi da ƙarar da ta fito da maƙwabta waje. Jikin ne abin tausayi. An taɓa fesa mata ja a nan garin, amma idan ka ɗaga robar bakin ƙofa za ka ga asalin launinta ruwan goro ne. Jan nan yanzu ya yi ƙuraje ƙanana-ƙanana a kan bonet, na sa farce na fasa ɗaya sai ɗan ruwa ya fito mai warin tsami. A kusurwar fitilun gaba, waɗanda ke ɗagowa sama, da kewayen hannun ƙofa, akwai sirarun tsaguwa da suka bazu ta ko'ina. Akwai kuma wani dogon layi da ya kwanta a gefen fenda, da rana tsaka ba ka ganinsa, sai da la'asar idan haske ya zo ta gefe. Bambar baya kuwa idan ka danna ta da yatsa marmashewa take yi.

Na zaga Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci, da hotunanta a waya. Wani masta ya ce in kawo, yaransa su bi ta da giranda, a shafe da poti, ƙullun cike ramuka, a fesa, kafin Juma'a mai zuwa in zo in ɗauka. Wani ya ce yana da ruwan cire fenti mai ƙarfi, inda ya ƙi kuma a ɗan nuna masa wutar gas. Wani dattijo da aka ce hannunsa ya fi na kowa a kan Benz ya duba hotunan da kyau, ya miƙo mini wayata ya ce shi ba ya taɓa faiba. Maganarsa ce ta hana ni barci.

To ga tambayoyina. Dole ne a cire tsohon fentin duka, ko za a iya gogewa sama-sama a ɗora sabo? In yi a Kumasi ko in ɗora ta a tirela zuwa Accra wurin masu ɗakin gasa fenti? Ga hunturu na ƙaratowa, in fara yanzu ko in jira? Ba gasar motoci zan kai ta ba, so nake in mayar mata da launinta na asali, ya kuma zauna.

Mai Feshi Suame:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dattijon da ya mayar maka da wayarka shi ne ya fi ƙaunarka a cikinsu.

Sana'ata ke nan, kuma ina gaya maka yawancinmu a Magazine a kan ƙarfe muka koyi aiki. A kan ƙarfe giranda tana cin fenti, da ta kai ƙarfe ta yi tartsatsi, yaro ya san ya isa. Faiba ba ta tartsatsi. Fenti ya ƙare jiki ya fara, yaron bai sani ba, yana ta dannawa. Kafin ka ankara ya ci ramuka, ya kashe kaifin layukan fenda, kuma kyan wannan motar a waɗannan layukan yake. Ruwan cire fentin da ake sayarwa don ƙarfe yana narkar da resin ɗin da ya riƙe zaren, jikin ya sha shi ya ɓoye, sai bayan an fesa sabon fenti rana ta bugi motar ya taso daga ƙasa. Wutar gas kar ma a yi zancenta. Haka masu feshin yashi, kar su kusance ta.

Amsar tambayarka ta farko: a cire duka. Fentin da kamfanin ya sa mata a wancan zamanin tsohon yayi ne, mai bushewa ba tare da hadna ba, wato maganin da ke sa fenti ya ƙafe. Idan ka ɗora 2K, fentin zamani mai hadna, a kansa, tinar da ake tsinka fenti da ita tana jiƙa shi ya yamutse, ko kuma ya ci gaba da tsagewa a ƙasa ya ja na saman. Ga kuma jan da ba mu san wa ya fesa ba ko da me ya haɗa. Hanyar cirewa ta hannu ce. Reza a kwance a kan jiki, a riƙa turawa a hankali, tsohon fentin yana tashi falle-falle. Abin da ya rage a bi shi da samfefa a naɗe a jikin katako mai faɗi, lamba 80 sannan 180. Aikin gajiya ne, shi ya sa babu mai son faɗa maka.

Ƙurajen nan da ka gani danshi ne. Ta hanya biyu yake shiga. Ko ruwan da ke taruwa a tankin kwamfireso ya biyo tiyo ya fito tare da fenti, ko kuma an goge jikin da ruwa. Ka san al'adarmu, bokiti da ɗan omo da samfefa, a yi ta wankewa ana gogewa. A kan ƙarfe wani lokaci a tsira. Faiba tsirara da poti kuwa shan ruwa suke yi. Duk wanda za ka ba aikin, ka ce ya buɗe maka ƙasan tankin kwamfiresonsa a gabanka. Idan ruwan tsatsa ya yi ta zuba kuma babu matatar ruwa a bakin tiyo, ka yi masa sallama. Ka leƙa cikin bonet ɗin ma, idan mai ya jiƙa shi ta ciki, yana ratsowa ya hana fenti kamawa, sai an wanke shi sosai tukuna.

Batun lokaci, hunturu alheri ne ga rabin aikin. A cire fentin yanzu, a riƙa fito da ita rana, da magariba a mayar ciki saboda raɓa, jikin ya amayar da duk abin da ya sha. A yi gyaran tsaguwa, a rufe da firaima ta ifoksi, a ɗora firaima mai kauri, a goge a bushe. Sai a bar ta makonni, don firaima tana tsukewa, idan aka yi gaggawa duk inda aka gyara zai fito a ƙarƙashin ƙyalli. Amma feshin launi a tsakiyar hunturu a'a. Faiba idan ka goge ta da tsumma a busasshiyar iska da kanta take janyo ƙura. Ka bari ruwan farko ya kwantar da ƙura wajajen Maris, a fesa kafin damina ta kankama a Mayu da Yuni.

Yaron Nima:

Yaya me ya kawo wannan doguwar wahala? Kawo ta Accra kawai, akwai wuraren da ke da ɗakin gasawa, a fesa a gasa ka ɗauki kayarka tana sheƙi. Ko ma ka manna mata sitika gaba ɗaya kamar yadda samari ke yi yanzu, launin da kake so akwai, ranar da ka gaji ka ɓare.

Mai Feshi Suame:

Ƙanina, sitika ba ta ɓoye ƙuraje, ƙara fito da su take yi, kuma ranar ɓarewa da jan fentin za ta taho. Ɗakin gasawa ba na ƙinsa, tsabtarsa ma ta isa a biya kuɗi. Sai dai faiba tana da ƙananan ramukan iska a ciki, zafi na kumbura su, su huda sabon fenti. Idan za a shiga da ita kar a wuce digiri 60, ƙasa da haka ya fi, kuma a fara ɗumama jikin tun kafin firaima, abin da zai taso ya taso tun da wuri. Ɗakin ba ya gyara abin da aka ɓata a ƙasa.

Baban Tema:

Ɗana, ni ba mai fenti ba ne, jiragen ruwa na faiba na yi ta gyarawa har ido ya fara gazawa. A kan tsaguwar nan zan yi magana, don na ga an wuce ta da sauri.

Tsaguwar ba a fenti take ba, a jikin take. Inda ake yawan dannawa ko inda jiki ke lanƙwasawa, can take fitowa, shi ya sa ka gan ta a hannun ƙofa da kusurwar fitila. Wanda ya shafe ta da poti ya rufe maka ido ne na ɗan lokaci, hanyar Aboabo kaɗai ta isa ta dawo da ita. Bayan an cire fenti, a shafa ɗan baƙin tawada da aka tsinka a wurin a goge, za ka ga tsaguwar ta fi yadda kake zato tsawo. A bi ta har ƙarshenta, a rarake wurin da faɗi ya yi gangare a hankali, ba rami mai tsayayyen baki ba. Sannan a shimfiɗa tabarmar zare, wadda zarenta ke warwatse, a jiƙa da resin, falle bisa falle, ƙarami a ƙasa babba a sama. Da hannu ake yaga tabarmar, ba da almakashi ba, don bakinta ya saje da jiki. Kar a sa saƙaƙƙen yadin faiba a waje, komai kaurin firaima saƙarsa sai ta bayyana daga baya. A bi da ɗan abin murzawa a kori iska. Duk inda ka ga fari-fari resin bai ratsa ba, a cire a sake. Inda hannu ke kaiwa ta baya a ƙara falle ta can.

Hadnar resin kaɗan ake sawa, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Yaran yanzu suna zubawa da ido don ya yi saurin kamawa, a zafin ƙasar nan sai ya daskare a gwangwani yana turiri, abin da aka shafa kuma ya yi gautsi. Kuma resin yana tsufa a kanti, a sayi sabo. Mai gogewa ya rufe hanci da baki da kyau, ya sa riga mai dogon hannu. Ƙaiƙayin fata da sauƙi, wanda ya shiga ƙirji ba ya fita.

Ɗan Zango a Columbus:

Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a yi mini izini in ƙara abu ɗaya, don ina da irin wannan motar a nan Ohio, tawa 1979 ce.

Tun 1953 Corvette take da jikin faiba, shekarar da aka yi guda 300 kacal a Flint ta jihar Michigan, dukansu farare. Wannan siffar taku daga 1968 zuwa 1982 aka yi ta, ta 1976 kuma a St. Louis aka haɗa ta. To daga wajajen 1973 kamfanin ya koma wani haɗi da ake kira SMC, wanda ake matsawa a injin da zafi. A cikin haɗin akwai sinadarin da ke hana shi manne wa injin matsin, kuma shi ne yake hana resin ɗin jirgin ruwa kama shi da kyau. Za ka ga gyara ya yi kyau, bayan wani lokaci ya ɓanɓare daga baki. Ɗan Aboabo, ka leƙa bayan fenda da tocila. Idan ka ga santsi, ruwan toka mai haske, ba zare a fili, SMC ne. Sai a nemi resin na ifoksi, ko wanda aka rubuta SMC a gwangwaninsa. Poti ma haka.

Dogon layin da kake gani da la'asar mahaɗa ce. Ba guda ɗaya aka zuba jikin ba, gunduwa-gunduwa ne aka manna da wani siririn faiba ta baya, aka cike bakin. Cikon ne ya tsuke da shekaru. A rarake shi a cike da zare da resin kamar yadda Baba ya kwatanta.

Bamba kuwa ba faiba ba ce, roba ce ta yuretan. Ta gaba ta fara a 1973, ta baya a 1974. Idan ta fara marmashewa ta gama yayi, babu abin da zai ɗinke ta. Ana sayar da sababbi a nan, na roba da na faiba. Ta roba sai an sa wa fentinta maganin laushi kuma a fesa ta daban, ta faiba ta fi daɗewa a rana amma sai an zauna an daidaita bakinta da jiki. Don zafin Kumasi ni ta faiba zan zaɓa.

Abin da ya fi duk wannan, kafin ka kashe sidi ɗaya a fenti. Jama'a na cewa Corvette ba ta tsatsa, alhali a ƙarƙashin faibar akwai kejin ƙarfe da ya kewaye mazauni, shi ke riƙe gilashin gaba da ƙofofi. Ka cire murfin ginshiƙan gilashi, ka cire allon da ke gefen ƙafa ta ciki, ka duba. Ka shiga ƙasa ka ƙwanƙwasa shasi da guduma daidai gaban tayoyin baya. Idan akwai walda a yi ta yanzu, don gyaran kejin yakan sa a yanka faiba. Lambar launi kuma tana kan wani ƙaramin faranti a ginshiƙin ƙofar direba, wajen hinji. Ruwan goron nan da alama wanda suke kira Orange Flame ne, turo mini hoton farantin in tabbatar maka.

Baban Tema:

Madalla ɗana, ka ƙara wa zancen gishiri. To idan ifoksi za a sa, a tambayi mai sayar da tabarma. Akwai wadda gam ɗin da ya riƙe zarenta ba ya narkewa sai a resin ɗinmu na jirgi, a ifoksi sai ta tsaya ƙiƙam ta ƙi kwanciya.

Hajiya Mai Tasi:

Ni ban san faiba ba, amma na san masu fenti, motocin haya na ajiye. Ɗan Aboabo, kar ka ba da kuɗi dunƙule. Ku raba aikin: cire fenti, gyaran jiki, firaima, feshi. Kowane ya ƙare ka je ka gani da idonka, ka shafa da tafin hannu, sannan ka biya. Kayan aiki ka saya da kanka ko ku je tare, firaima da launi da ƙyalli duk na kamfani ɗaya, a buɗe gwangwanin a gabanka. A rubuta yarjejeniya a sa shaida, ko da ɗan unguwarku ne, musamman ma idan ɗan unguwarku ne. Fitilu da tambura da ƙarafan ado ka kwance ka kai gida, irin wannan kaya idan ya ɓace a gareji ba a Suame ko Abossey Okai za ka same shi ba. Wanda ya ce maka kafin Juma'a kuwa, ka san araha ba ta ado.

Ka kuma duba takardunta wane launi aka rubuta. Idan ja ne a takarda ka mayar da ita ruwan goro, sai ka je DVLA, hukumar rajistar motoci, a gyara, kar ɗan sanda ya samu abin tsayar da kai a hanya.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Ga inda aka kwana.

Na leƙa bayan fenda, santsi ne ruwan toka kamar yadda ɗan'uwa na Columbus ya faɗa. Shasi da ƙarfinsa, guduma ta yi ƙara mai kyau. Amma ginshiƙin gilashi na ɓangaren fasinja ya ci tsatsa daga ƙasa, sukudireba ta shige wuri ɗaya. Fitana ya ce ana iya yanke wurin a sa sabon ƙarfe idan an cire gilashin, sai dai mai walda ya rufe faibar da jiƙaƙƙen bargo kuma ya yi ɗigo-ɗigo yana hutawa. Hannunsa a cire gilashin ne ke ba ni tsoro, don idan ya fashe sai daga Amurka. Hajiya, takarda ruwan goro ta ce, ashe kawu bai taɓa zuwa ya canja ba. Mayar da ita ruwan goro ma shi zai sa ta dace da takardarta.

Na koma wajen dattijon nan mai Benz na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya yi dariya, ya ce feshi zai yi, amma sai an kawo masa jiki a gyare. Ya haɗa ni da wani mutum can bayan Magazine da ke zuba bambar manyan bas da faiba, yana kuma gyaran akwatunan ƙanƙara na masu kifi. Hannayensa duk sun yi fari da ƙurar zare. Bai taɓa jin sunan SMC ba, amma da na kwatanta masa ya ce ya san irin faibar nan mai santsi da ke tofar da resin, ya gamu da ita a jikin wasu manyan motoci. Bai yi mini alƙawarin rana ba, abin da ya fara tambaya shi ne ina za a ajiye ta da dare.

Mun shirya a fara gwaji da murfin rufi ɗaya, cikin biyun nan da ake cirewa. Shi zai cire fentin da reza ya gyara, dattijo ya kai shi har ƙyalli, in ajiye shi a rana a kan rufin ɗakina in ga abin da zai yi kafin a taɓa sauran jikin. Idan ya lalace murfi ɗaya ne.

Yanzu bamba ce ta rage da resin ɗin. Ɗan'uwa na Columbus, na tura maka hoton farantin. Akwai wanda ya san mai loda kwantena daga New York zuwa Tema nan kusa, da zai yarda a saka bamba biyu a saman kayansa? Ba su da nauyi, girma ne kawai.

Ɗan Zango a Columbus:

Na ga hoton, Orange Flame ce. Bamba biyu ka ce, ta gaban ma ta fara ne? Ka danna ta ka gani kafin in yi oda. Resin kuwa kar ka dogara da kwantena, masu loda kaya ba sa son sinadari mai kama wuta a cikin kayan mutane. Ka fara tambayar masu kayan jiragen ruwa a Tema, Baba zai fi ni sanin ƙofar da za ka buga.